Madam Kacau-kacau da Ƙofar Baya

Duk mai cewa ba a damu da rayukan 'ya'yan talakawa a ƙasar nan ba, bai taɓa hawa tudun nan na bayan gonakin rake ba, inda makarantar kwana ta 'yan matanmu take. Ya hau ya ga ikon Allah. Ya ga Dakta Madam Perpetua Nasambu Wabwile, shugabar makaranta, garkuwar 'ya'ya mata, katangar yankin Bungoma gaba ɗaya, matar da ko sauro ba ya shiga harabarta sai ya faɗi sunan wadda ya zo cizo. Daktan nan kar ku tambaye ni na mene ne. Ranar Juma'a ta hau mota zuwa Nairobi tana Madam, ranar Litinin ta dawo tana Dakta, da hotonta sanye da wata hula mai kama da faranti. Akwai wani malamin lissafi da bakinsa ya suɓuce ya ce mata "Madam" kawai. Yanzu yana can hamadar Turkana yana koya wa raƙuma ƙirge.

Mu 'yan bakin geti, masu suyar mandazi, wato fankenmu na nan, da 'yan bodaboda masu haya da babur, sunan da yara suka raɗa mata muke kiranta da shi: Kacau-kacau. Ba zagi ba ne, sanarwa ce. Wani ƙaton zoben ƙarfe ne a ƙugunta, makullan makarantar kaf suna reto a jiki, sai ka ji zuwanta tun tana bayan ofis, kamar an sako garken shanu masu ƙararrawa. Makullin sito yana nan. Na kicin yana nan. Na laburare yana nan, don kar yara su ɓata littattafai da karatu. Na akwatin magani yana nan. Jajayen tukwanen kashe gobara ma, da ta ga sun yi kyau da yawa, sai ta sa aka yi musu keji aka datse da kwaɗo, kar ɓarawo ya ɗauke. Wannan shi ne hangen nesa. Gobara ta zo ta tarar da kayanmu cif, ba abin da ya ɓata.

Kowace shekara tana zuwa taron shugabannin makarantu a Mombasa, ta kwana a otal mai kallon teku, ta dawo da sabon gashin kanti da sabon jawabi. Ranar Litinin a jera yara a rana, ita tana inuwar baranda.

"Tsaro, 'ya'yana! Tsaro! Ni da kuke gani, masana daga ƙasashen waje sun tafa mini. Yarinya kamar ƙwai take, kuma ni ce kwandon. Ba na barci saboda ku. Ba na cin abinci saboda ku."

Maganar rashin cin abincin nan dai, kujerar ofishinta ce kaɗai ba ta yarda ba.

Ta buɗe ɗakin nasiha, inda yarinyar da ke cikin damuwa za ta je ta faɗi abin da ke ranta. An yi fenti, an yanka kyalle, an ɗauki hoto. Yau buhunan masara ne a ciki, kuma har yanzu ko ɗaya bai kawo ƙorafi ba.

Amma gwanintar Madam ta gaske tana babban ɗakin kwanan yara. Dogon ɗaki ne kamar jirgin ƙasa, gadaje masu hawa biyu manne da juna, yara sun fi ɗari. Waɗanda suka gina shi tun zamanin 'yan mishan, da yake ba su je Mombasa ba, sai suka yi masa ƙofa biyu da tagogi manya. Madam ta gyara musu kuskurensu. An ce wani ɗan bodaboda ya miƙa wa wata yarinya soyayyen dankali ta taga, sai ta sa sandunan ƙarfe. An ce an zura wayar salula ta tsakanin sandunan, sai ta sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu wadda ko tsinken tsintsiya ba ya wucewa. An ce an turo saƙon soyayya ta ƙarƙashin ƙofa, sai ta sa aka toshe wajen da ƙarfe da siminti. Aka ce wata ta fita ta ƙofar baya sayen gasasshiyar masara, sai ta kira mai walda ya like ƙofar baya ɗungurungum. Saura ƙofar gaba. Ita kuma kwaɗonta a waje yake, cikin ɗan akwatin ƙarfe irin na shagunan kasuwa, wanda sai ka zura hannu ta ƙasa kake taɓa shi, guduma ba ta isa gare shi.

Ga yadda ake yi kullum. Yara su shiga, Matiron Rispa, mai kula da ɗakin, ta ja ƙofa, ta zura hannu ta danna kwaɗo, ƙas! Irin kwaɗon nan ne da ba ya bukatar makulli wajen rufewa. Makullin yana ƙugun Madam, ita kuma gidanta yana can ƙetaren filin ƙwallo. Na ajiya fa? Yana nan, a jikin zoben dai, kusa da ɗan'uwansa, don kar su yi kewar juna. Da safe Madam ta taho kacau-kacau ta buɗe, tana ɗaga kai kamar shugaban ƙasa ya zo buɗe gada. Matiron Rispa ta taɓa tambaya sau ɗaya ko za a bar mata makulli guda. Madam ta tsayar da ita gaban yara ta wanke ta tas. Tun daga ranar, ko cewa aka yi ta kulle kanta a bayan gida, "To, Dakta" za ta ce.

To, akwai Mama Naliaka, mai sayar da tumatir a kasuwar gindin tudu. 'Yarta Naliaka tana aji uku, yarinya mai kai, amma tana da asma. Gadonta kuma shi ne na can ƙurya, jikin ƙofar da aka like. Ɗan abin shaƙar maganinta ma Madam ta ƙwace ta jefa a akwatin magani, wai ta karanta cewa da irin wannan ake fara shaye-shaye. Ranar taron iyaye, bayan Madam ta gama gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da direbobinsu, Mama Naliaka ta ɗaga hannu.

"Madam, ni ba doguwar magana gare ni ba."

"Dakta."

"Dakta. Ƙofar bayan nan ce. Kullum a rediyo muna jin ɗakin kwanan yara ya kama da wuta a gari kaza. In abin ya zo nan, ta ina 'yata za ta fita? Tana can ƙarshe, kuma ko hayaƙin murhu ba ta iya shaƙa."

Madam ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube ta daga ɗankwali zuwa silifa.

"Mama, ina kika yi digirinki na tsaro?"

"Ban yi ba. Haihuwa na yi."

Wasu iyaye suka tuntsire da dariya, suka tuna 'ya'yansu na hannun wa, suka mayar da ita tari.

"Iyaye, ku ji fa," in ji Madam. "Wuta ba ta shiga makarantar da ke da tarbiyya. Wuta tana zuwa ne inda shugabanci ya yi rauni. Ƙofar baya hanyar 'yan bodaboda ce, hanyar ciki ce, hanyar kunya ce. Ni na rufe ta da hannuna, kuma muddin ina numfashi ba mai buɗe ta. Mama, ki koma kan tumatirinki. Ban taɓa zuwa na koya miki yadda ake kasa shi ba."

Aka tafa. Tafin tsoro ne, amma Madam ba ta bambancewa.

Ana nan sai labari ya zo cewa ofishin ilimi zai ba da kofi ga makarantar da ta fi kowace tsaro a yankin, kuma wani jami'i, Mista Lumbasi, zai zagayo ya ga yadda kowace makaranta ke fitar da yara in gobara ta tashi. Madam ta share wuri a saman kabad ɗinta tun kafin ya zo. Aka dakatar da karatu. Malamar wasan kwaikwayo ta kama koya wa yara ihu: ihun firgita daban, ihun neman ceto daban, ihun godiya ga Dakta daban. Wadda muryarta ba ta kai ba ta yi shara. Kullum a yi gwaji, ƙofa a wangale, Madam a waje ta busa usur, yara su fito a jere kamar masu zuwa karɓar jibin Ubangiji a coci.

Sai ta ga abin bai yi armashi ba. Gobara ba hayaƙi ai ba gobara ba ce. Ta kira kuku, ta sa ya ajiye rabin duro a bayan ɗakin, ya tara ɗanyen ganyen rake.

"Ka hura, ka yi ta zuba ganye. Duk ihun da za ka ji, na wasa ne, ni na koyar. Ka kuskura ka daina kafin in zo da kaina in ce ka daina, ka nemi wani aikin."

Har yanzu dai wani abu ya rage. Hoto. Me za a sa a jarida, Madam tsaye a waje da usur kamar alƙalin wasa? A'a. Uwa ce za ta fito daga cikin hayaƙi, 'ya'yanta a bayanta, hannunta a sama. Ta yanke shawara ranar za ta shiga ciki ta jagoranci fitowar da kanta.

Aka haɗa ranar da ranar ziyarar iyaye, don a samu masu kallo. Iyaye suka cika fili da kwanukan chapati, wato gurasarmu ta nan, da kaji. 'Yan bodaboda da suka kawo su aka tsayar da su bayan wayar shinge, kamar kullum, don su ne annoba. Mama Naliaka ta zo da sabon abin shaƙa ɗaure a bakin zaninta, tana jiran a gama ta faki ido ta ba 'yarta. Madam ta fito cikin jan kwat da siket, gashin Mombasa a ka, takalmi mai tsini ja wur, makullai suna kiɗa a ƙugu. An kafa wa Mista Lumbasi rumfa daidai ƙofar ɗakin, an ajiye masa shayi.

Yara suka shiga suka kwanta a gadajensu da rana tsaka kamar masu barci. Madam ta tsaya a bakin ƙofa ta yi jawabi kan masana na ƙasashen waje har shayin ya huce. Mista Lumbasi, mutum mai sanyin murya da ya gaji da zagaye, ya ce, "Dakta, tambaya ɗaya. Haka ɗakin yake in sun kwanta? Ƙofa a buɗe haka?"

"Yallaɓai, a buɗe? A makarantata?" Ta yi wata dariya ta manya. "Mu nan ba ma wasan yara. Yadda muke yi kullum, haka za ka gani. Matiron! Ina shiga, ki yi yadda kika saba."

Matiron Rispa ta buɗe baki. Ta dubi ƙugun Madam. Ta dubi fuskar Madam. Ta tuna ranar wankin nan.

"To, Dakta."

Madam ta shige tana ɗaga wa mai hoton da ta ɗauko hannu. Matiron ta ja ƙofa, ta zura hannu cikin akwatin ƙarfe. Ƙas!

Ku yi wa Dakta adalci. Ba wauta ba ce. Shekara da shekaru tana mulkin ƙofar nan, amma ba ta taɓa ganinta daga ciki a rufe ba. A saninta, ƙofa abu ne da ke buɗewa in ta iso.

Ta busa usur. Yara suka saki ihun firgita, daidai yadda aka koya musu. Kuku ya zuba ganye. Iskar da ke kaɗawa wajen gonaki duk kwanakin gwaji, ranar sai ta ga dama ta juyo, ta tattara hayaƙin nan fari fat ta tura shi ta ragar tagogi. Raga ba ta barin waya ta wuce, amma da hayaƙi ba su da rigima.

Madam ta taka zuwa ƙofa, hannu a sama saboda hoto, ta tura. Ƙofa ta tsaya. Ta sake turawa. Ta laluba ƙugu, ta zaro makulli, ta shiga neman ramin da za ta sa shi. Ƙarfe ne sumul daga sama har ƙasa, aikin da ita ta ba da umarninsa.

"Matiron! Buɗe!"

"Makullin yana wurinki, Dakta."

"To karɓi!"

Ta ina? Ta duƙa ƙarƙashin ƙofa, siminti. Ta ruga taga, raga. Ta cusa makulli a idon raga, ko kansa bai shiga ba. Sai ga fuskar Dakta manne da raga kamar kifi a koma, tana kwarara ihu.

"Ku buɗe! Jama'a ku buɗe, za mu mutu! Yesu! Ku fasa!"

Fili ya ɗauki tafi. Wani uba ya ajiye cinyar kaza ya miƙe tsaye. "Kai, matar nan ta iya! Kamar gaske!" Malamar wasan kwaikwayo tana share hawayen alfahari. Mista Lumbasi ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayi. Kuku a baya ya ji ihu ya ƙaru, ya ce lallai ana jin daɗin aikinsa, ya ƙara runguma guda ta ganye.

"Ba wasa ba ne! Na rantse ba wasa ba ne!"

"Ji, har da rantsuwa!" Tafi ya ƙaru.

Mama Naliaka ce ba ta tafa ba. A cikin ihun yara ɗari da na Dakta guda, ta tsinci wani tari mai shaƙewa, mai fito a ƙarshensa, wanda ta sha kwana zaune a kansa tun yarinyar tana goye. Ta watsar da kwanon chapati, ta ruga bakin waya.

"Situma! Kai Situma, ɗan ƙanwata, kana tsaye kana washe baki? Ƙanwarka na mutuwa a ciki! Ku ɗauko ƙarafan taya!"

"Mama, an hana mu shiga fa."

"Wadda ta hana ku tana ciki tana kiran Yesu. Ku tsallako!"

Suka tsallako, su wajen goma, da ƙarafan cire taya da wani ƙaton gatari da suka fizga a kicin. Ɗaya ya yi ƙwallo da duron kuku, kuku yana bin sa yana cewa Dakta ba ta ce a daina ba. Ƙofar gaba ba ta taɓuwa, akwatin ƙarfen ya yi aikinsa. Suka zagaya baya. Allah ya taimaka mai waldar nan ɗan ha'inci ne, ɗigo-ɗigo ya yi ya shafe da fenti. Suka zura ƙarafa, suka danna, Mama Naliaka tana ta dukan ƙofar da dutse tana kiran sunan 'yarta. Ƙofa ta yi ƙara ta ɓalle.

To, wa kuke tsammani ya fara fitowa? Yarinyar da gadonta ke jikin ƙofar?

Haba. Uwa ce ta fito, Dakta da kanta. Daga can ƙofar gaba ta taho, ta ratsa dogon ɗakin nan kaf, ta ture na turewa, ta tsallake na tsallakewa, ta haye gadon Naliaka da yarinyar a kai, ta faɗo waje a hannun Situma ɗan bodaboda, ta ƙanƙame shi kamar mijinta na coci. Gashin Mombasa ya tsaya a ƙusar gado. Takalmi ɗaya ya tsaya a ciki. Makullai dai suna nan, kacau-kacau, ba wanda ya ɓata. Mai hoto kuwa, da yake an ce masa ya ɗauki fitowar Dakta, ya zagayo a guje ya cika aikinsa.

Bayanta yara suka yi ta ɓulɓulowa suna tari. Ƙawayen Naliaka ne suka ɗauko ta, leɓɓanta sun canza launi. Mama Naliaka ta kwance bakin zani, ta sa mata abin shaƙa a baki, ta rungume ta a ƙasa tana cewa, "Ja, 'yata, ja. Ja, uwata." Duk fili ba mai tauna. Can sai ƙirjin yarinyar ya sauka, ta buɗe ido, ta ce, "Mama, kin zo da chapati?" Mama Naliaka ta fashe da kuka, ta ɗaka mata duka a cinya.

Mista Lumbasi ya zagayo da kofin shayinsa a hannu. Ya dubi ƙofar, ya dubi ragar, ya dubi Dakta da ke zaune a ciyawa da ƙafa ɗaya ba takalmi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a cire kwaɗon gaba yau, a sa sakata ta ciki a ƙofofin biyu, a yanke raga, a fito da tukwanen kashe gobara daga kurkuku, a mayar wa yarinya maganinta, kuma zai dawo ya gani da idonsa. Kofin gasar tsaro kuwa wata ƙaramar makaranta ce ta can ƙauye ta ɗauka, wadda ko geti ba ta da shi.

Kuna tsammani Dakta ta ji kunya? Ba ku san manya ba. Ranar Litinin ta hau baranda da sabon gashi.

"'Ya'yana, abin da kuka gani tsararre ne. Ni na shirya shi tun daga farko, don in gwada ku, in gwada iyayenku, in gwada ofishin ilimi. Na sa rayuwata a gaba. Na fara fita ne don in tabbatar hanyar lafiya take."

Kafin mako ya ƙare an kafa allo a saman ƙofar baya, da fenti mai ruwan zinariya: ƘOFAR CETO, WADDA DAKTA P. N. WABWILE TA ƘADDAMAR. An kai wa Mama Naliaka labari a kasuwa. Ta ci gaba da kasa tumatirinta, ta ce, "Ai ba ƙarya a ciki. Da idona na ga ƙaddamarwar. Ta kan 'yata ta bi."

Ƙofar dai tun da 'yan bodaboda suka taɓa ta, ta ɗan karkace, iska na kaɗawa sai ta rufo da kanta. Yara suka nemi abin tokarewa da rana don ɗaki ya sha iska, suka samu wani jan takalmi mai tsini a ƙarƙashin gadon Naliaka. Ba wadda ta zo nemansa. Tsininsa kuwa ya shiga ƙasan ƙofar daram, kamar don ita aka yi shi.

In kun hau tudun, ku zagaya baya ku gaishe shi. A duk shekarun da Dakta ta yi tana tsaron 'ya'yanmu, shi kaɗai ne a jikinta da ya taɓa kare ran yarinya.